Shafin Tonton: Wane bot ne zai iya da ƙasarmu?

Assalamu alaikum jama'a, ya sanyi ya ƙura. Tunda iskar hunturu ta fara kaɗawa saƙonni suka cika min waya kuma kusan duk zancen ɗaya ne, bot bot bot, wato takalmin nan mai rufe ƙafa har idon sawu, kamar an yi shawara. Na zaɓo kaɗan daga ciki, waɗanda ban kai ga nasu ba su yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Tambaya: Salam Tonton ina wuni. Ni ɗalibi ne a jami'ar Abdou Moumouni, a Harobanda nake zaune amma kullum sai na tsallaka gada saboda ina taya yayana tsaron shago wajen Wadata da marece. Na tara jika ashirin ina so in sayi bot guda ɗaya wanda zan riƙa sawa kullum, makaranta da shago da fada duka. Abokaina kowa da tashi, wani ya ce Timberland rawaya shi ne gayu, wani ya ce Chelsea, wani kuma ya nuna min wani mai laushi launin ƙasa wai shi bot ɗin sahara. Wallahi kaina ya ɗaure, wanne zan ɗauka? Daga ɗalibi a Harobanda, Yamai.

Amsa: Ƙanena sannu da ƙoƙari, karatu ga tsaron shago ba ƙaramin abu ba ne. Kafin mu shiga sunaye zauna ka ƙirga sau nawa kake cire takalmi daga safe zuwa dare. Azahar, la'asar, magariba, isha'i, ga alwala a tsakani, ga tabarmar fada in an ɗora shayi, ga shiga ɗakin mutane, ga tsoho in ka je gaishe shi ba za ka tsaya masa ƙerere da takalmi ba. In ka haɗa ba ya kasa sau takwas ko goma. Waɗanda suka ƙera yawancin bot ɗin nan kuwa mutum suka yi wa lissafi wanda zai ɗaure igiya da safe ba zai kwance ba sai ya dawo gida da dare. Mu rayuwarmu ba haka take ba, shi ya sa kake ganin saurayi a ƙofar masallaci liman ya kai ruku'u shi yana durƙushe yana fama da igiya, daga baya ya gaji ya bar ta a kwance yana jan takalmin kamar silifa har bayan ya karye.

To Timberland rawaya da abokinka yake yabo, takalmi ne mai kyau ba musu. A 1973 aka fara yin sa a Amurka, can arewa maso gabas inda ƙanƙara ke zuba, kuma don ma'aikatan da ke wuni cikin ruwa da taɓo da sanyi aka yi shi, shi ya sa ruwa ba ya shiga, kuma na asalin har wani abu kamar audugar roba ake shimfiɗa masa a ciki don ya riƙe ɗumi. Daga baya ne mawaƙan New York suka ɗauke shi ya zama kayan gayu. Yanzu kai ka ɗauki wannan ka sa ƙafarka ciki a watan Afrilu ko Mayu lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, abin da ke hana ruwa shiga shi ne dai ke hana zufa fita, da la'asar in ka cire a fada sai an tashi an bar maka tabarmar. Daga Disamba zuwa Fabrairu yana da daɗi, sauran watanni tara fa? Sannan in faɗa maka gaskiya, sabo na asali kuɗinsa a Turai ya haura jika ɗari, duk wanda ya miƙo maka sabo fil a kwali a jika ashirin to hoton bishiyar kawai ka saya, takalmin wani ne daban.

Shi kuma mai laushin nan launin ƙasa, labarinsa ya fi kusa da mu. Wani Bature Nathan Clark, ɗan gidan masu kamfanin Clarks na Ingila, yana soja a Burma lokacin yaƙin duniya na biyu ya ga hafsoshi da wani takalmi marar nauyi da aka ɗinka musu a kasuwar Alƙahira, ya koma gida da fasalin, a 1950 suka fara sayarwa. Kenan asalinsa don yashi da zafi aka yi shi. Huji biyu ne kawai na igiya, iyakarsa idon sawu, ba nauyi, ƙafa na shan iska, kuma launinsa da ƙurar hunturu kusan ɗaya ne ba ya tona maka asiri. Akwai ɗan uwansa da ake ce ma chukka, fasalinsu ɗaya sai dai shi ana yin sa da fata mai santsi da ƙasa mai tauri. Matsalar na saharar guda biyu ce. Ƙasansa ɗanyar roba ce irin ta ƙaron itace, in kwalta ta yi zafi sai ta yi laushi tana danƙo tana kwasar duk dattin da ka taka, sati biyu ta koma baƙa, kuma ba ta shiri da esans ko baƙin mai ko kaɗan, in kuma ka taka jiƙaƙƙen karo a banɗakin masallaci sai ka ji ka a ƙasa. Ta biyu, fatar ba ta son ruwa, ruwan sama ɗaya na watan Agusta a lungunan Talladje ya ishe ta.

Saura Chelsea, wanda ba shi da igiya sai roba mai miƙewa a gefe biyu da ɗan kunne a baya na ja. Tsohon fasali ne sosai, mai ɗinka wa Sarauniya Victoria takalmi ne ya fito da shi tun wajen 1851, sunan kuma na wata unguwa ce a Landan inda samari da ƴanmata suka mayar da shi yayi bayan 1950. Ni dai in ni ne kai shi zan ɗauka, kuma dalilina shi ne lissafin da na sa ka yi da farko, zura ƙafa ka tafi, cire ka shiga sahu. Yana tafiya da jin, yana tafiya da wandon yadi, ranar da ka tashi kare digiri ma ka goge shi ka sa ba wanda zai ce komai. Amma ka nemi mai launin ƙasa-ƙasa ko ruwan goro, baƙi kafin ka sauka gadar Kennedy ya yi furfura. Ka nemi fata mai santsi wadda ke cin siraji, wato man goge takalmi, ƙasan kuma na roba mai ɗan zane, kar ka ɗauki mai ƙasan fata sumul irin na ƴan biro masu mota. Ka ja robar gefen da hannu, in ta miƙe ba ta koma da ƙarfi ba ka ajiye musu abinsu, don can ne yake fara mutuwa, zafi na kashe roba, duk da dai mai gyaran takalmi da ya san hannunsa yana iya canza ta. Kuma da jika ashirin ɗinka gara ka shiga bosho ka zaɓi tsohon na kirki da ka sayi sabo mai ƙyalli wanda leda ce aka yi wa fenti. Ka karanta amsar da na ba bawan Allah na huɗu kafin ka biya kuɗi.

Tambaya: Tonton barka da aiki. Ni ɗan kabu-kabu na nan Tahoua, tun sahe ina bisa moto har dare, wani lokaci har ƙauyukka nika kai mutane. Silifa nika sawa, shekaran jiya salansa ta ƙone min ƙahwa, ga sanyin asuba shina tsattsaga min diddige. Wani abokina da ya dawo daga Libiya ya ce in sayi sekirite mai ƙarhe a baki, wani ya ce ranjas irin na soji. Mi kaka gani? Kuɗɗina ba su da yawa. Daga wani ɗan kabu-kabu, Tahoua.

Amsa: Allah ya ƙara sauƙi ɗan uwa, kuma ƙunar nan kar ka raina ta, ka je likita a duba a wanke, ƙunar salansa tana da zurfi fiye da yadda ido ke gani. Silifa a kan moto kam ka daina, wannan ba zancen gayu ba ne.

Sekirite na shantiye ne, an sa masa ƙarfe a baki don in bulo ko rodi ya faɗo kar ya murƙushe yatsu, wanda ke aikin gini a Libiya dole ya yabe shi. Kai ba abin da ke faɗo maka daga sama, abin da kake bukata shi ne a rufe maka idon sawu da diddige, ƙasan kuma ya kama ƙasa in ka sauke ƙafa a kan tsakuwa ko yashi. Bakinsa yana da kauri, wani ma da ƙyar yake shiga ƙarƙashin ƙarfen canza giya, ga nauyi, ga ƙarfen yana ɗaukar sanyi da asuba. Ranjas ya fi shi dacewa da moto don yana hawa har ƙwauri, kuma duwatsun Adar ba sa ba shi tsoro, in ka bi hanyar Keita ko Bouza za ka gode masa. Amma igiyarsa tafiya ce mai nisa, ka nemi irin wanda aka sa wa zif a gefen ciki, ka ɗaure igiyar sau ɗaya daidai ƙafarka shikenan sai dai zif. Ragowar igiyar kullum ka cusa ta ciki, na taɓa ganin wanda madaukin igiya ya sarƙe masa a ƙarfen giya ya zo tsayawa ƙafa ta ƙi sauka, shi da fasinja da buhun albasa duk suka kwanta a gefen hanya. Wani abu kuma, yadda ƙasa take yanzu ni ba zan ba ka shawarar ka haɗa ranjas baƙi da wando mai kama da kakin soji kana yawo ƙauyuka ba, ka sa kayanka na gida kowa ya gan ka ɗan kabu-kabu. In ka saya ka kai wa baduku ya ɗinka maka ɗan ƙyallen fata a saman na hagu inda ƙarfen giya ke ci, da ƴan dalolinka ka ƙara masa shekara. Kuma da asuba ka riƙa kife shi kana bugawa kafin ka zura ƙafa, kunama ma sanyin take gudu.

Tambaya: Malam ina gaisuwa. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, in lokacin rigakafi ya zo muna shiga ƙauyuka gida-gida da ƙafa, wuni guda cikin ƙarangiya da tsidau, balka nake sawa ƙafata duk ta lalace. Ina jin kunyar sa bot kar a ce na zama namiji, kuma ban san wanda zai yi da zane da hijabi ba. Daga wata ƴar uwarku a Lazaret, Yamai.

Amsa: Hajiya Allah ya saka da alheri da wannan aiki. Kunyar nan ki ajiye ta a gida, matan ƙauyen da za ki shiga gidajensu su ne za su fara cewa kin yi dabara. Abin da ya dace da ke shi ne na tamfol mai ƙasan roba mai kauri, wanda iyayenmu ke ce wa patogas. Sunan wani kamfanin Faransa ne Pataugas da ya fara yi a 1950, akwai kuma Palladium, su da tayoyin jirgin sama suke yi tun 1920, a 1947 suka koma yin takalmi, sojojin Faransa suka riƙa sawa a hamada. Ba shi da nauyi, yadi ne yana numfashi, in ya yi datti ki wanke da sabulu da buroshi ki shanya a inuwa, abin da ba za ki yi wa fata ba. Tsidau ba ya huda ƙasansa. Ƙarangiya kam za ta manne a igiya da safa, ba makawa, ki tafi da ɗan tsohon matashi na roba ki riƙa sharce ta maimakon ki sa yatsa. Ki ɗauki launin kaki ko toka, in zane ko doguwar riga ta sauka bakinsa kawai ake gani. Na san za ki ce ai shi ma igiya gare shi ga shiga ɗakuna, to yawanci a tsakar gida kuke ɗiga wa yara, in kuma kin ga shiga ɗaki ya yi yawa kar ki zura igiyar a huji biyu na sama. Ranar da ba daji za ki ba, ofis ne ko anguwa, Chelsea na mata marar tsini ya fi kyau da abaya. Safa ta auduga, guda biyu a jaka, ki canza bayan azahar.

Tambaya: Tonton don Allah a ja kunnen masu bosho. Na sayi bot mai kyau kamar ba a taɓa sawa ba, kwana uku ƙasan ya fara marmashewa kamar ƙuli-ƙuli, na koma mai shi ya ce ni na taka wani abu. Cuta ce ko kuwa? Daga wani magidanci a Boukoki.

Amsa: Alhaji ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi, don ni ma an yi min. Na saya ana jibi ɗaurin auren ɗan ƙanwata, na goge shi yana ɗaukar ido, muna tsaye ana fatiha na ji ƙasa ta yi laushi, ina ɗaga ƙafa sai ga rabin dundunniyar a kwance tana kallona, da silifar alwala ta masallaci na koma gida, har yau ƴaƴan gidan in sun gan ni sai sun tambayi lafiyar takalmina.

Ba abin da ka taka. Wata irin roba ce mai kumfa da ake ce ma poliyuretan, tana da laushi da daɗin takawa, amma in ta daɗe a ajiye danshin iska yana cinye ta daga ciki a hankali, waje lafiya lau ciki gari. Abin haushin ma wanda aka ajiye ba a sawa shi ya fi saurin lalacewa, shi ya sa wanda ka gani kamar sabo a bosho shi ne abin tsoro, wataƙila shekara goma ya yi a kabad ɗin wani a Turai kafin a ɗaure shi a dila ya sha zafin kwantena ya iso nan. Mai sayarwar ma sau da yawa bai sani ba, wasu kuma sun sani sarai. In za ka saya ka lanƙwasa ƙasan da ƙarfi a gabansa, ka danna farce a gefen dundunniya, in ya yi ƴar tsaga ko ya bar gari ko ka ji yana danƙo to ko kyauta ne ka bar shi. In ya hana ka lanƙwasawa ka riga ka samu amsa.

Sannan ka duba yadda aka haɗa sama da ƙasa. Akwai na gam zalla, akwai na ɗinki. Gam da zafin ƙasar nan ba sa ga maciji, ka bar takalmi a rana ƙofar ɗaki wuni biyu ya buɗe baki. Na ɗinki shi ne ake iya cire masa ƙasa a sa wata, fatar sama ta yi ta tafiya shekara da shekaru. Amma a kula, akwai ɗinkin ƙarya, zane ne kawai aka zuba da robar ya yi kamar zare, ka sa farce ka ji ko zare ne na gaske. Fatar kuma ka duba bakinta inda aka yanka, ta gaske za ka ga gashi-gashi a ciki, ta jabu za ka ga yadi an shafe shi da leda. Wanda ka riga ka saya in saman fata ce ta kirki kar ka yar, kai wa mai gyara ya kankare mataccen ƙasan ya sa maka na roba ya bi da zare, wasu har da tsohuwar taya suke yi kuma tana riƙewa. In ma ka gaji da caca, je ka wajen dukawan ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata ka nuna musu hoton fasalin da kake so a auna ƙafarka, fata dai muna da ita, ta jar akuyar Maraɗi har Turai an san da zamanta, kuma majema na nan Gamkalle suna jima da bagaruwa. Sai dai ka tsaya a kan a ɗinke ƙasan, ka kuma yi haƙuri da alkawarin gobe.

Tambaya: Tonton na sa ma bot ɗina mai laushi siraji don ya yi ƙyalli sai ya yi dabbare-dabbare, ya zan yi? Daga wani saurayi a Yantala.

Amsa: Ɗana ka riga ka yi. Fata mai gashi-gashi, ko irin ta bot ɗin sahara ko irin ta Timberland, ba a sa mata siraji ba a sa mata mai, buroshi busasshe ne abincinta, tabo kuma a murza da abin goge fensir. Yanzu ba ya fita duka, abin da ya rage ka bi shi gaba ɗaya da sirajin sau biyu uku ya zama launi ɗaya mai duhu ka ce da ma haka ka saye shi. Masu fata mai santsi ku kuma in hunturu ya busar da ita ku share ƙura da ɗan jiƙaƙƙen tsumma tukuna, sai ɗan man kaɗanya kaɗan a yatsa, yana sa ta yi duhu ku sani, kuma in ta jiƙe a cusa takarda a bar ta a inuwa, kar a kai ta rana ko bakin murhu.

Tambaya: Yayana da ke Beljiyam zai aiko min Dr. Martens ya ce in faɗi lamba, ni 42 nake sawa amma ya ce lambar Ingila ce a jiki. Kuma yana shiga da jamfa ranar Juma'a? Daga wani ƙaninka a Bilbis, Tahoua.

Amsa: Ka ce masa 8, ita ce ke zuwa daidai da 42, in lambar Amurka ce ta maza kuma 9. Amma da yake ba gwadawa za ka yi ba, taka farar takarda da marece lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka zagaye ta da biro, ka auna daga diddige zuwa babban yatsa ka aika masa santimita nawa ne. Mai huji takwas da rawayan zare shi ne sanannen, 1460 sunansa don ranar 1 ga Afrilu 1960 aka fara yin sa a Ingila, ƙasansa ba ya tsoron mai ko esans, sai dai fatar tana da taurin kai, satin farko sai ta ci maka diddige, ka sa safa mai kauri ka fara da awa biyu-biyu a gida. In bai riga ya biya ba ka roƙe shi ya ɗauko maka Chelsea ɗinsu, suna yi. Zancen jamfa kuwa a'a, ranar Juma'a ka sa balkarka, bot ɗin ka bar shi a ɗaki, masallacin Juma'a da sabon takalmi daga Turai ma ka san sauran.